Fitinannen Yaro A Idon Malaminsa

Da wuya a sami makaranta a ƙasar nan, ta birni ko ta ƙauye, wadda ba ta da yaro ɗaya ko biyu da sunansu ke riga su shiga aji. Tun kafin malami ya karɓi rajistar sabon ajinsa, abokin aikinsa da ya riƙe ajin bara ya riga ya ja shi gefe ya ce, "Malam, ka sa ido a kan wane, taƙadari ne, ba ya jin bari." Shi ke nan, yaron bai buɗe baki ba tukuna amma an gama shari'arsa. Mu kuwa da ke waje, iyaye da sauran jama'a, mukan karɓi wannan hukunci yadda ya zo mana, domin mun taso a kan cewa malami ba ya faɗin abin da bai gani ba. To, abin da muke so mu tattauna a wannan fitowa shi ne, me malami yake gani a lokacin da ya ce yaro fitinanne ne, kuma har ina ikonsa ya kai a cikin wannan hukunci?

Idan aka zauna da malamai a ofishinsu lokacin tara, aka tayar da zancen yaran da ke hana ruwa gudu a aji, za a ji bakinsu ya rabu. Wasu za su ce hali ne, hali kuwa zanen dutse, wanda aka haifa da kunnen ƙashi babu abin da alli zai yi masa. Wasu su ce daga gida ne, ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, uba ya fita tun da asuba ba ya dawowa sai yara sun yi barci, uwa kuma ba ta son a faɗi laifin ɗanta. Dattawan cikinsu zamani suke zargi. Sukan ce a da uba ne ke kawo ɗansa da hannunsa ya ce, "Allah gafarta Malam, ga shi nan, kada a raga masa," yau kuwa ka taɓa yaro da safe, kafin azahar uban ya iso ofishin hedimasta yana kumfar baki, ga kuma waya da finafinai sun gama raba hankalin yara. Kowace magana a cikin waɗannan tana da gaskiyarta. Sai dai mai karatu zai lura da cewa duk sun haɗu a wuri guda, wato kowannensu ya ajiye sanadin fitinar a wajen katangar makaranta. Ba safai ake jin wanda zai ce wataƙila ajin kansa, ko darasin, ko shi mai koyarwar, yana da hannu a ciki ba.

Amma kafin mu ɗaga wa malami yatsa, adalci ne mu fara tsayawa inda yake tsaye. A shekarar 1976 da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE, an yi tanadin yara miliyan 2.3 ne za su shiga aji ɗaya, sai kimanin miliyan 3 suka bayyana. Aka koyar da yara a gindin bishiya, aka ɗebo malamai da horon gaggawa aka tura su azuzuwa. Tun daga lokacin yawan yara yake gaba, gini da malamai suna biye da shi da gudu, shirin UBE na 1999 ma bai cike giɓin ba. Tsarin ilimi na ƙasa, a bugunsa na 2004, ya ƙayyade wa malami ɗaya yara 35 a firamare, 40 a sakandare. Duk wanda ya leƙa makarantun gwamnati na cikin manyan garuruwanmu ya san ana samun aji guda mai ɗauke da yara fiye da 100, wasu a kan benci, wasu a ƙasa, wasu a kan taga. A irin wannan ɗaki, ko kowane yaro raɗa ɗaya ya yi wa na kusa da shi, abin da zai isa kunnen malami kasuwa ce. Darasi kuma minti 35 ne ko 40. In minti 10 suka tafi wajen "ku yi shiru" da "koma wurinka", rubu'in karatun ko fiye ya salwanta ke nan, kuma waɗanda suka yi asarar su ne yaran da suka zo da niyyar koyo, galibinsu 'ya'yan talakawa da ba su da kuɗin lesin. Saboda haka malamin da ya fusata da mai surutu ba kullum kansa yake karewa ba. Sau da yawa haƙƙin sauran yake nema musu, kuma wannan haƙƙi ne na gaske wanda duk mai tausayin fitinannen yaro ya wajaba ya sa shi a ma'auni.

Wani abin lura shi ne, abin da ke gajiyar da malamai ba manyan laifuffuka ba ne. A Ingila, bayan an hana dukan yara a makarantun gwamnati a 1987, an yi ta kukan cewa tarbiyya ta rushe, har gwamnati ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Lord Elton, ya miƙa rahotonsa a 1989. Da aka tambayi malaman kansu, sai aka tarar duka da zagin malami ba su da yawa. Abin da ya fi damunsu shi ne magana ba da izini ba, da tsokanar na kusa, da tashi daga wurin zama, da ƙin yin aikin da aka bayar. Ƙananan abubuwa ne, amma kullum ne. Malaminmu na nan ma in ya yi maka gaskiya haka zai ce. Ɗigon ruwan indararo ne ke huda ƙasa, ba ambaliyar shekara ba.

To, a nan ne tambayarmu ta fara nauyi. Idan yawancin abin da ake kira fitina surutu ne da motsi, shin surutu da motsi laifi ne a karan kansu, ko kuwa wurin da aka yi su ne ya mayar da su laifi?

Mu a ƙasar Hausa ba ma buƙatar zuwa nesa don neman amsa, domin yaronmu ɗaya yakan zauna a gaban malamai iri biyu a wuni guda. Da safe yana makarantar boko, da yamma yana makarantar allo. A makarantar allo kowa da allonsa, kowa da inda karatunsa ya tsaya, kuma kowa yana ɗaga murya yana rangaji. Wanda ya wuce ta ƙofar zauren zai ji kamar hayaniya, amma malam yana jin kowane ɗaya, har yakan tsinci kuskuren yaro daga can ƙarshen tabarma ya gyara masa. A wannan zaure, wa tsumagiya ke nema? Wanda ya yi shiru. Shiru a nan alamar barci ne ko wasa ko shagala. Da gari ya waye, yaron nan ya sa yunifom ya shiga aji, sai dokar ta juye. Yanzu wanda ya buɗe baki shi ne mai laifi, wanda ya naɗe hannu ya zuba wa allo ido shi ne yaron kirki, ko da hankalinsa yana filin ƙwallo. Yaro ɗaya, murya ɗaya, da yamma ibada, da safe fitina. Ba muna cewa ɗayan tsarin ya fi ɗayan ba ne, kowanne da irin karatun da aka gina shi dominsa. Abin da muke nunawa shi ne, kalmar "mai surutu" ba ta bayyana yaro kaɗai, tana bayyana ɗakin da aka sa shi da abin da ɗakin ke nema daga gare shi. Aji mai malami ɗaya yana magana saura suna saurare, tsari ne da ya shigo mana tun makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. Yana da amfaninsa, amma ba a haifi kowa da iya zamansa ba, koyonsa ake yi kamar yadda ake koyon baƙi da wasali.

Har ma a gida muna aika wa yaro saƙo biyu. Da dare mu ba shi tatsuniyar Gizo, yana dariya muna dariya, yadda ƙaramin mai wayo ke juya manyan dawa. Da safe kuma in ya gwada ɗan wayon nan a kan monita, mu ce ya lalace.

Akwai wani tsohon bincike da ya kamata kowane malami ya san da shi. A 1928 wani Ba'amurke mai suna E. K. Wickman ya wallafa sakamakon tambayar da ya yi wa ɗaruruwan malaman firamare, inda ya ba su jerin halayen yara ya ce su nuna waɗanda suka fi muni. Ya kuma ba masana lafiyar ƙwaƙwalwar yara irin wannan jeri. Malamai suka sa sata da ƙarya da rashin biyayya da tsaurin ido a sama, suka sa yawan kunya da janyewa daga mutane da tsoro a ƙasa. Masanan kuwa kusan juya jerin suka yi, yaron da ya fi tayar musu da hankali shi ne mai shiru, mai raɓewa a lungu, wanda ba ya da aboki. An soki binciken daga baya, kuma sukar tana da hujja, domin ba tambaya iri ɗaya aka yi wa ɓangarorin biyu ba. Malamai an tambaye su abin da ke damun aji a yau, masana kuwa abin da zai cutar da yaro a gaba. Amma a ganinmu wannan sukar ma ƙara fito da batun ta yi. Idon malami, saboda yanayin aikinsa, yana auna yaro ne da gwargwadon wahalar da yake ba shi. Wanda ya dame shi ya gan shi, wanda bai dame shi ba ya wuce shi.

Wannan ya fi tsanani a wajenmu, domin al'adarmu ta ɗaukaka kunya. Yarinyar da ke zaune a bencin baya, kanta a sunkuye, ba ta taɓa ɗaga hannu ba, ba ta taɓa tambaya ba, ita ce kowane malami ke yaba wa da natsuwa. Tana iya yin shekara shida a firamare ana kiranta saliha, ta fita ba ta iya karanta wasiƙa ba, kuma babu ranar da aka kai ƙararta ofis, domin rashin fahimta ba ya ƙara. Fitinannen yaro aƙalla an san sunansa, an san gidansu, an taɓa kiran ubansa. Ita kuwa ladabinta ne ya ɓoye ta. Idan ana lissafin yaran da makaranta ta yi asara, muna zaton masu shiru sun fi masu surutu yawa nesa ba kusa ba, sai dai ba su bar wa kowa ciwon kai da zai tuna da su ba.

Yanzu mu koma kan kalmomin da kansu, tun da yake mu masu sana'ar kalma ne. Hausa ta wadata da sunayen irin wannan yaro: fitinanne, gagararre, kangararre, taƙadari, mara ji, mai rawar kai, mai ƙiriniya, fitsararre. Kusan dukkansu suna siffanta mutum ne ɗungurungum, ba aikin da ya yi ba. Akwai tazara mai nisa tsakanin a ce "Audu ya yi surutu a darasin lissafi" da a ce "Audu fitinanne ne". Ta farko labari ce, tana da rana da wuri, ana iya bincika ta, ana iya gyara ta gobe. Ta biyu hukunci ce a kan halitta. Malami yana da cikakken iko a kan ta farko, domin a gabansa aka yi. Ta biyun ce muke shakkar ko akwai ɗan Adam ɗin da ya san yaro ɗan shekara tara sanin da zai ba shi damar furta ta.

Dubi irin mutanen da ake tarawa a ƙarƙashin suna ɗaya. Akwai yaron da tun da aka juya karatu daga Hausa zuwa Turanci, wanda a da a yawancin makarantunmu a aji huɗu yake faɗowa, ya daina gane abin da ake cewa. Ka zaunar da babban mutum awa biyar ana yi masa magana da harshen da ba ya ji, ka ga ko ba zai fara taɓa na kusa da shi ba. Akwai kishiyarsa, wanda ya gama aikin tun minti biyar na farko, ba a ba shi wani ba, hannunsa da bakinsa suka nemi abin yi. Akwai wanda bai karya ba, da wanda ya kai sha ɗayan dare yana talla, da wanda ba ya ganin allo daga inda aka zaunar da shi, ko kunnensa ɗaya ya toshe tun wani ciwo da ya yi yana ƙarami, sai ya riƙa tambayar maƙwabcinsa me aka ce, a rubuta sunansa cikin masu surutu. Akwai wanda ya gano cewa gara a ce masa shaiɗani da a ce masa daƙiƙi, domin shaiɗani yana da daraja a wurin 'yan aji, daƙiƙi kuwa abin dariya ne, saboda haka duk lokacin da aka zo karatu ɗaya bayan ɗaya sai ya tayar da rigimar da za a kore shi waje kafin layi ya iso kansa. Wannan na ƙarshe ya fi yawa fiye da yadda ake zato, kuma duk malamin da ya kore shi ya biya masa buƙata ne bai sani ba. Sa'an nan akwai mai tsaurin ido na gaskiya, za mu zo kansa. Cuta shida ko bakwai ke nan, amma a ofishin malamai sunansu ɗaya, maganinsu ma ɗaya.

Kuma akwai tufka da warwara a cikin maganar "hali zanen dutse" in ta fito daga bakin malami. In da gaske hali ba ya canzawa, to dukan na mene ne? Ba a dukan dutse don zanensa ya goge. In kuwa ana duka ne da fatan gyara, to an yarda ke nan cewa icce ne ɗanye mai tanƙwaruwa, kuma bai kamata a kira shi da sunan da ke nuna an gama da shi ba. Malamin da ya riƙe duka biyun, yana duka kuma yana cewa ba zai gyaru ba, ya kamata ya tambayi kansa ko wa bulalar take yi wa aiki, yaron ko zuciyarsa.

Wannan tambaya ba baƙuwa ba ce, ba kuma Turawa suka kawo ta ba, ko da yake masu kare bulala sukan so su nuna haka. Muhammad ibn Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekarar 870, ɗan mai Mudawwana da malamanmu na Malikiyya ke ji da ita, ya rubuta littafi a kan ladubban masu koyar da yara. Bai haramta duka ba, amma ya ɗaure shi tamau. Ya ce kada ya wuce bulala uku sai da iznin uba, kada a taɓa kai ko fuska, kada malami ya yi duka don huce fushinsa, kada ya wakilta wani yaro ya doki ɗan'uwansa, kuma ya daidaita tsakanin ɗan mai kuɗi da ɗan talaka. Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya ware fasali guda a kan cewa tsanantawa tana cutar da mai koyo, tana kashe masa kuzari, ta koya masa ƙarya da yaudara, domin yakan saba da nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba don tsoron hannu. Imam Gazali kuma ya ba da shawarar a kau da kai daga kuskuren farko, in ya sake a yi masa faɗa a keɓe, kada a yawaita zargi har ya zame masa ruwan sha. Ko dokar Final Kod ta Arewa ta 1960, wadda sashenta na 55 ya ba malami damar horon yaro, ta gindaya sharaɗin kada a yi masa mummunan rauni. Abin da ya haɗa magabatan nan shi ne, duk lokacin da suka zo maganar yaro mara ji, rabin maganarsu a kan malamin take. Sun san cewa a cikin ɗakin nan mutum ɗaya ne ke da ƙarfi, kuma mai ƙarfi shi ya fi buƙatar linzami.

A gwada wannan da abin da muka sani. Malami zai fita, ya ce wa monita ya rubuta sunayen masu surutu. Monita yaro ne, yana da abokai, yana da abokan gaba, yana kuma son ƙosai. Kafin malam ya dawo an sayi wasu sunaye an sayar da wasu. Malam ya karɓi takarda bai tambayi kowa ba, ya hau duka, wani lokaci ma monitan yake miƙa wa bulalar. Ko kuma a rasa wanda ya yi fito, sai a sa aji duka tsallen kwaɗo a rana. Yaran da aka yi wa haka sun koyi darasi, amma ba na shiru ba. Sun koyi cewa hukunci yana bin wanda ba shi da kowa, kuma mai gaskiya da mai laifi duk ɗaya ne a gaban mai iko. Bature Kirk-Greene, a ɗan littafinsa na 1974 a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, ya lissafa siffofi goma, cikinsu har da kunya da ladabi da haƙuri da adalci da mutunci. A aji mun raba su ne rabon kura. Kunya da ladabi muna nemansu a wurin yaro kullum, adalci da kiyaye mutunci kuwa, waɗanda su ne rabon babba, babu mai tambayar malami su.

Wani zai ce, to duk mun ji, amma me malami zai yi in ba tsawa da bulala? A nan binciken Jacob Kounin na 1970 yana da amfani. Ya ɗauki hotunan bidiyo na azuzuwan firamare masu yawa a Amurka, yana neman ya gano irin tsawatarwar da ta fi aiki. Abin da ya samu ya ba shi mamaki, domin malaman da ajinsu ke zaune lafiya ba su fi sauran iya hukunci ba. Bambancinsu yana gaban laifin ne, ba bayansa ba. Suna nuna wa yara cewa sun san abin da ke gudana a kowane lungu, suna kama abu tun yana ƙarami kuma su kama ainihin wanda ya fara, suna iya duba littafin yaro ɗaya ba tare da sun saki sauran ba, kuma ba sa barin darasi ya yi sanyi har a sami giɓin da fitina ke shiga. Duk wanda ya yi makaranta ya san wannan ba tare da bidiyo ba. Aji ɗaya ne, yara ɗaya, malamin Hausa ya shiga ka ji tsit ba ya ko riƙe da bulala, na bayansa ya shiga da dorina ajin ya zama tashar mota. In hali ne zanen dutse, yaya aka yi dutsen ke canza zane duk bayan minti arba'in?

Ba mu manta da aji mai yara 100 ba. Gaskiya ne dabarun Kounin a ɗakin yara talatin aka gan su, kuma babu idon da zai iya riƙe ɗari. Wanda ya cusa yara ɗari a ɗaki ɗaya, ya riƙe albashin malami wata da watanni, shi ne babban mai tayar da fitina a ajin, ko da yake sunansa ba ya shiga takardar monita. Amma wannan hujja tana sauke wa malami nauyin gazawa ne kawai, ba ta ba shi izinin ɗora gazawar a kan yaro ɗan shekara goma ya kira ta halinsa ba.

Saura mai tsaurin ido na gaskiya, wanda zai dubi tsabar idon malama ya gaya mata baƙar magana, ko ya addabi ƙanana yana ƙwace musu kuɗin tara, ko ya shigo da aska a aljihu. Akwai shi, kuma duk wanda ya ce babu shi bai taɓa riƙe alli ba. A kansa ne malamai ke kawo karin maganar wake ɗaya ke ɓata gari, su nemi a kore shi. A nan muna tare da su rabin hanya. Yaron da ake ƙwace wa kuɗin tara shi ma ɗan wani ne, kuma tausayin da zai bar shi a hannun azzalumi ba tausayi ba ne. Dole a tsayar da cutarwa nan take, ko da ta kai a fitar da mai yin ta daga darasi, a kira ubansa, a raba shi da waɗanda yake zalunta. Inda muka rabu da su shi ne wajen misalin waken. Wake in an tsince shi an jefar, kaza ta cinye, magana ta ƙare. Yaro in an kore shi ba ya ɓacewa. Yana komawa tasha ko bakin kasuwa ko dabar unguwa, inda ake maraba da ainihin abin da aka kore shi dominsa, kuma bayan shekara biyar malamin da ya sa hannu a takardar korar zai iya haɗuwa da shi a lungu da dare. Makaranta ta huta, unguwa ta ɗauka. Saboda haka fitarwa daga darasi abu ne da malami zai iya yi shi kaɗai a cikin minti ɗaya, amma kora daga makaranta hukunci ne da ya shafi gari, bai kamata a yanke shi da zafin rana ɗaya ba, ko a kan sunan da yaro ya gada daga bakin malaman baya.

A ƙarshen kowane zango akwai ɗan gurbi a takardar sakamako inda malamin aji ke rubuta ra'ayinsa a kan ɗalibi. Gurbin ƙarami ne, malamin kuma yana da takardu tamanin ko ɗari a gabansa, saboda haka yawanci kalma biyu ake jefawa, a ce yaro ba ya ji, ko a ce ya cika wasa. Da wannan layin guda ana iya rubuta cewa yana natsuwa a darasin safe amma bayan tara ba ya iya zama, ko cewa rigimarsa ba ta tashi sai an zo karatu a bayyane. Uban da ya karanta irin ta farko bulala zai nema. Wanda ya karanta irin ta biyu zai iya zaunar da ɗansa ya tambaye shi me yake ci da tara, ko ya buɗe masa littafi ya ce ya karanta masa layi ɗaya ya ji.